RA'AYINMU: WA KE KAI GIYA ANKA, GUMMI DA BUKKUYUM?

A ranar 27 ga watan Oktoban 1999 aka yi wani taro a Gusau wanda duk wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin ba zai manta da shi ba. Ranar ce Gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura, ya shelanta wa duniya cewa jiharsa ta koma kan Shari'a. Musulmi suka yi tururuwa daga kowace kusurwa ta Arewa har aka rasa masaka tsinke a garin. Bayan wata uku, ranar 27 ga Janairun 2000, kundin hukunce-hukuncen ya fara aiki, kuma daga cikin wuraren da aka fara rufewa akwai gidajen giya. Da yawa daga cikin 'yan uwa masu karanta wannan shafi a yau ba a ma haife su ba a lokacin. Sun tashi ne suka tarar ana cewa ba a sayar da giya a Zamfara.

To, ga shi an shekara 25 da ɗoriya. An yi gwamnoni, daga Yarima zuwa Mahmud Aliyu Shinkafi, zuwa Abdul'aziz Yari, zuwa Bello Matawalle, zuwa Dauda Lawal da ya hau a 2023, kuma babu wanda ya soke wannan doka a cikinsu. Amma duk matashin da ke zaman majalisa a Anka, ko yake ɗaukar fasinja a tashar Gummi, ko yake cin kasuwar Nasarawar Burkullu, ya san cewa mai neman abin da zai bugar da shi ba ya kwana bai samu ba. An rufe gidan da ke da allo a ƙofa, an kashe kiɗan da ake yi a cikinsa, sai hajar ta koma bayan gari, ta koma ɗakin da ba a shiga sai an san ka, ta koma daji. Tambayar da ya kamata a ce an yi tun tuni, wadda kuma mahukunta ba su son a yi musu, ita ce: tunda babu kamfanin giya ko ɗaya a Zamfara, wa ke kawo ta? A motar wa? Ta wace hanya? Kuma shingaye nawa take wucewa kafin ta iso?

Mun ɗauki yammacin jihar ne saboda a nan abin ya fi fitowa fili ga mai duba taswira. Gummi da Bukkuyum suna iyaka da jihar Kebbi. Daga Daki Takwas akwai titin da ya miƙe zuwa Zuru, ban da hanyoyin babur da burtalin shanu da suka ratsa daji zuwa ƙasar Danko-Wasagu, waɗanda ba su ƙirguwa. A ƙasar Zuru akwai jama'a da yawa da ba Musulmi ba, kuma dafa burukutu da dawa tsohuwar al'ada ce a wasu gidajensu tun kafin zuwan Bature. Muna faɗin haka ne don a gane hanya, kada wani ya ɗauka muna jingina wa wata ƙabila laifin da ba nata ba. Matar da ta dafa burukutu a gidanta a can, ai ba ita ta hau babur ta kawo shi bakin Gulbin Zamfara ba. Wanda ya ɗaura jarka a bayan babur ya yi sammako ya keto daji, in an bincika, namu ne, sunansa irin namu, wataƙila ma sahu ɗaya muka bi Juma'a da shi.

Kuma ma burukutu ƙaramin alhaki ne a wannan fatauci, domin ba ya jure kwanaki, nan da nan yake tsami, ba a yin doguwar tafiya da shi. Inda kuɗin yake shi ne hajar kamfani, ta kwalba da ta gwangwani da ta leda. Wannan kuwa, ko daga kamfanonin Kaduna ta fito ko daga Kudu, ba ta da fukafukai. Dole ta bi titi, ko dai ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ta karya kwana a Mayanci zuwa Anka, ko ta biyo ta Kontagora da Zuru. Duk wanda ya bi waɗannan hanyoyi a 'yan shekarun nan ya san yadda shingayen bincike suka yi musu ƙawanya saboda matsalar tsaro. Mai buhun gero ɗaya sai an sauke shi an tambaye shi inda za shi. Ɗan kabu-kabu mai galan ɗaya na mai sai ya yi bayani har ya gaji. Ta yaya katan-katan na barasa ke wucewa? Dabarun 'yan fasa-ƙwauri iri ɗaya ne a duk inda aka hana wani abu, a shimfiɗa hajar a ƙasan mota a jibga mata buhuna a kai, ko a canja mata kwali, ko a juye ta a robar ruwa. Amma babbar dabarar da ta fi duk waɗannan aiki ita ce hannun da direba ke miƙawa ta taga.

A nan ne muke ganin an bar jaki ana dukan taiki. Malaman Hadisi irin su Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (S) ya la'anci mutum goma a kan sha'anin giya. In ɗan uwa ya zauna ya ƙirga su, zai ga ɗaya ne kawai mai sha. Sauran taran duk hannuwan ciniki ne da hidima, har da mai dakonta da mai cin kuɗinta. Wato tun farko addini ya kalli giya a matsayin fatauci mai dogon zare, kuma mashayi shi ne ƙarshen zaren. To amma yaya kundin Zamfara ya kalle ta? Ya tanadi bulala 80 ga Musulmin da ya sha, kuma wannan haddi ne kamar yadda mazhabar Malikiyya ta tafi a kai, babu mai ja da shi. Mai dafawa kuwa, da mai dako, da mai sayarwa, abin da aka tanadar musu shi ne bulalar da ba ta wuce 40 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa musu duka biyu. Wannan ta'aziri ne, masu doka ne suka ga damar ajiye shi a haka, kuma suna da ikon ɗaga shi in sun so. Mutumin da ya shayar da gari guda, hukuncinsa a takarda rabin na wanda ya kurɓa ne.

A aikace kuwa abin ya fi haka ban takaici. Tun cikin makonnin farko da fara dokar aka soma miƙe mashaya a bainar jama'a ana tsula musu bulala, jama'a na kabbara. Su waye? Leburori ne, da 'yan dako, da 'yan tasha, irin waɗanda in sun bugu sai sun fito titi suna tangaɗi saboda ba su da falon da za su kwanta. Muna tambayar dattawan da suka ga farkon abin, da matasan da suka ga ƙarshensa: wa ya taɓa ganin an kwantar da mai tirela, ko mai gidan da ake sauke hajar a cikinsa, ko jami'in da ya ɗaga mata shinge? Talaka ya ga wannan da idonsa, ya kuma fahimci darasin da aka koya masa, cewa laifin shi ne a gan ka.

Sannan akwai wata ƙofa da aka bari a buɗe tun ranar farko. Barikin soja ƙasar gwamnatin tarayya ce, dokar jiha ba ta shiga, ɗan Hisba ba ya taka ƙafa. Kasuwannin da ke cikin barikoki, waɗanda ake kira mami, sun ci gaba da sayar da giya a jihohin Shari'a kamar ba a yi komai ba. Abin mamaki, wannan suna ya samo asali ne daga wata matar soja, Mammy Ochefu, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959. Kunu ta sayar, amma yau sunanta ya zama inkiyar wurin da ake zuwa a sha abin da aka hana a gari. Motar da ta ɗauko giya da sunan bariki tana da takardar wucewa, kuma babu mai bin ta ya ƙirga ko duk abin da ta ɗauko ne ya shiga ƙofar.

Abin da jama'a suka fi gani shi ne bikin fasa kwalabe. A Kano, Hisba ta fasa kwalba 240,000 a watan Nuwamban 2013, ta fasa kusan miliyan biyu a Nuwamban 2020, sannan ta fasa sama da miliyan uku da dubu ɗari takwas a Fabrairun 2022. Ana kawo katafila ta bi ta kansu, ana ɗaukar hoto, ana jawabi. Ba mu raina wahalar 'yan Hisban da suka kwana a titi suka tare waɗannan motoci ba, da yawansu matasa ne masu kishi da ba a biyan su abin kirki. Amma mai hankali zai lura cewa adadin hawa yake yi, ba sauka ba. Attajirin da aka fasa wa mota guda ya riga ya sa wannan asara cikin lissafinsa, kamar yadda mai tumatir ke lissafa wanda zai ruɓe a hanya, sai ya ƙara wa sauran kuɗi. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ga kuma wata magana da ake rufa-rufa a kanta. Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin harajin kayayyaki, wanda ake kira VAT, tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. A cikin wannan tukunya akwai harajin da kamfanonin giya suka zuba, kuma Zamfara na karɓar kasonta, ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum na karɓar nasu. Da rigimar wannan haraji ta tashi a 2021, lokacin da wata kotun tarayya a Fatakwal ta ba jihar Ribas gaskiya kan karɓar harajin da kanta, wannan ne gorin da 'yan Kudu suka yi ta yi mana, wai kuna fasa kwalba da hannun dama kuna karɓar kuɗinta da na hagu. Gorin ya yi zafi domin akwai gaskiya a cikinsa, kuma shugabanninmu ba su ba da amsar da za ta gamsar da ɗan makarantar allo ba.

Wannan fuska biyu tsohon gado ce. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels cewa ba za a shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma a kan haka Turawan mulkin mallaka suka sa Arewa cikin yankin da aka haramta barasa, suka ƙara ƙarfafa wannan da dokar 1917. Sun yi haka ne don su lallashi sarakuna da malamai. Amma Bature da ma'aikatansa baƙi suna da takardar izinin sha, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano, daga baya ya iso Gusau, sannan Ƙauran Namoda a 1929, sai kwalabe suka riƙa biyo shi a ɓoye suna sauka a unguwannin Sabon Gari. A Kudu kuwa, harajin barasar da ake shigowa da ita ta teku shi ne babban kason kuɗin shigar gwamnati kafin yaƙin duniya na farko, kuma da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, da wannan rarar aka riƙa cike giɓin baitulmalin Arewa. Ko kundin laifuffuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960, zamanin Sardauna, ya hana Musulmi shan giya. Ke nan hani a takarda ya haura shekara ɗari a wannan ƙasa tamu, kuma tsawon wannan lokaci gwamnati na cin kuɗin abin da ta hana.

Abin da ya bambanta yammacin Zamfara a yau da sauran wurare abu biyu ne, zinari da bindiga, kuma su ne suka sa muka ce wannan magana ta wuce ta tarbiyya kawai. Duk inda ake haƙar zinari ana tara samari ne nesa da iyayensu da malamansu, suna aikin da ya fi ƙarfin jiki, cikin rami mai duhu da zai iya ruftawa a kowane lokaci, kuma ranar da aka dace kuɗi na shiga hannunsu a dunƙule. Babu kasuwar da mai sayar da kayan maye yake so kamar wannan. Mutanen wannan yanki sun riga sun biya farashin zinari da ran 'ya'yansu. A 2010 ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya, ba ta ɗage hanin ba sai a Disamban 2024. Kowa ya san a cikin waɗannan shekaru biyar da 'yan watanni ba a daina haƙa ba. Abin da ya faru shi ne ramukan sun koma hannun wanda ke da bindigar tsare su. Hanin da babu mai tsaya masa da gaske, kyauta ce ake miƙa wa mafi ƙarfi a daji.

Shi kuwa ɗan bindiga a daji ba ya noma abin da yake sha. Man babur ɗinsa, da burodinsa, da katin wayarsa, da ƙwayarsa, duk daga gari ake kai masa. Abin da ya sa ke nan a watan Satumban 2021 aka toshe layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Jami'an tsaro sun sha gabatar wa 'yan jarida mutanen da ake zargi da kai wa ɓarayin daji mai da abinci da kayan maye. Hanyar da jarkar barasa ke bi, ita ce hanyar da tiramol ke bi, kuma ita ce hanyar da labarin wanda ya sayar da shanu jiya a kasuwa ke bi ya isa kunnen masu satar mutane. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙasar Anka da Bukkuyum na tsawon kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Yaron da zai iya harbin tsoho a ƙofar ɗakinsa ya cinna wa rumbu wuta yana dariya, da wuya a ce cikin hayyacinsa yake. Wani ne ya kai masa abin da ya gusar da hayyacin, aka biya shi ladan dako, ya dawo gari ya sayi shinkafa da kuɗin.

Kuma hajar kanta ta canja kama, ta yadda mai neman kwalba zai iya wuce ta bai gani ba. Kamfanoni sun ƙirƙiro barasa mai ƙarfi a 'yar ƙaramar leda, mai arha, wadda yaro zai sa a aljihun wando ko cikin hula, ɗan kabu-kabu ya ɗauki ɗaruruwanta a ƙarƙashin kujerar babur da cikin buhu. Wasu ana sayar da su da sunan maganin gargajiya, na basir ko na ƙarfin maza, har mai sha ya riƙa yaudarar kansa cewa magani yake sha. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da kamfanonin a 2018 cewa za a daina yin ta cikin shekara biyar, ta kuma sanar da haramcin a farkon 2024, sai masu kamfanoni suka yi ca, aka ɗage. Dubi yadda doka ke laushi in ta zo kan mai jari. Wasu matasan kuma sun ƙi cin biri sun ci dila, sun bar giya saboda wari da bulala, sun koma kodin da tiramol da sholisho, waɗanda ba su da warin da za a kama mutum da shi. Sai da BBC ta fitar da wani rahoton bincike a ƙarshen Afrilun 2018 kafin gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a wannan shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kimanin miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma, yankin da galibin jihohinsa ke da dokar Shari'a.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da duk abin da ake dafawa a ɓoye. Mai haɗa barasa a bayan gida, don ya ƙara riba, yakan zuba sinadarin metanol, wanda ake amfani da shi a masana'antu. Kaɗan daga cikinsa yana makantar da mutum, in ya ɗan fi haka ya kashe. A Afrilun 2015 mutane suka yi ta mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo har aka ce tsafi ne, ashe ogogoro ne mai metanol. Bayan wata biyu irin wannan ya kashe kimanin mutum 70 a jihar Ribas. A Iran, inda aka haramta giya tun 1979, sama da mutum 700 suka mutu ta wannan hanya a farkon 2020. A can an samu asibitocin da suka gano musabbabin. A ƙauyen da ke bayan Gwashi ko Bagega, inda zuwa asibiti kansa sai an yi shahada da hanya, saurayi zai wayi gari ba ya gani, a ce iska ce, danginsa kuma su rufa asiri saboda kunya.

Mun san masu ƙyamar addini na jiran irin wannan bayani su ce, to ai kun gani, hani ba ya aiki, a buɗe kawai a karɓi haraji. Hujjarsu kullum ita ce Amurka, wadda ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933. Gaskiya ne a can hanin ya haifar da gungun 'yan fasa-ƙwauri masu shigo da barasa daga Kanada, irin su Al Capone na birnin Chicago, wanda ya saye 'yan sanda da 'yan siyasa, har ya zama ba a iya ɗaure shi kan giya ko kisa ba, sai kan ƙin biyan haraji a 1931. Amma me wannan ya nuna? Ya nuna abin da ke faruwa in masu tsaron doka sun zama abokan cinikin masu karya ta. A ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Madina. Larabawa mashaya ne na gaske kafin Musulunci, kuma Allah (T) bai hana su rana ɗaya ba. An fara da nuna musu cewa cutarwarta ta rinjayi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana su kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida. Ranar da ya sauka, mutane da hannunsu suka tuntsurar da tulunansu har ta gudana a lungunan Madina, babu katafila, babu ɗan sanda. An shekara ana gina zukata kafin nan, kuma shugaban da ya isar da hanin ba ya karɓar kaso daga masu sayarwa, ba shi da wata unguwa da ya keɓe wa manya su sha. A Zamfara an fara ne daga inda Madina ta ƙare, aka tsallake ginin, aka kuma bar wa manya ƙofar baya.

Saboda haka maganarmu ta farko da ku ce, 'yan uwa matasa, domin wannan fatauci a bayan baburanku yake tafiya. Mai jarin yana Gusau ko Kaduna ko Legas, ba zai taɓa keta dajin Bukkuyum da kansa ba. Yana buƙatar saurayin da ya san hanya, wanda gona ta gagare shi saboda 'yan bindiga, wanda ke da bashin babur a wuyansa. Za a ce maka kaya ne kawai, kai ba sha za ka yi ba, ka kai wuri kaza a ba ka ninkin abin da kake samu a yini. Mun san halin da ake ciki, mun san akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sai ɗan kabu-kabu ya dawo. Amma ka tambayi abin da ke cikin buhu kafin ka ɗaura shi, kuma in an ƙi gaya maka, ka riga ka samu amsa. Wanda ya kai sau ɗaya ya shiga hannu, domin daga ranar suna da sirrinsa, kuma gobe abin da za a ba shi ya kai ba leda ba ce. In aka kama, shi za a nuna wa 'yan jarida a zaune a ƙasa, mai kayan kuwa ko sunansa ba za a ji ba. Haka mai shagon da ke ba da aron ɗakin baya, da ɗan kamashon da ke kau da kai a tasha, da mai kemis da ke sayar da ƙwaya ba takardar likita.

Muna kuma jan kunnen masu zafin kai. Kada kishi ya ɗebi wani ya tara abokai su je su ƙona shago ko su far wa baƙon da ba Musulmi ba da sunan hana mummuna. Yankin da ya ga abin da ɗaukar doka a hannu ya haifar tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ba ya buƙatar a sake yi masa karatu. Ƙona shago ɗaya yana ƙara wa hajar tsada ne, ya ƙara wa babban dillali riba. Wanda kuma shaye-shaye ya riga ya kama a cikin abokanku, mara lafiya ne kafin ya zama mai laifi, kuma in kuka kore shi daga majalisarku, akwai majalisar da ke jiran sa a daji da hannu biyu. Ku zauna da shi, ku kai shi wajen likita, ku nema masa abin yi, ku jure masa in ya koma ya sake dawowa, domin barin ƙwaya ba a yin sa dare ɗaya.

Ga mahukunta kuma, abin da muke nema ba mai wuya ba ne. Duk motar da aka kama tana da lamba, lambar tana da mai ita, kayan suna da takardar da ta nuna inda aka yi lodi da wanda za a kai wa. A riƙa bayyana waɗannan a gaban kotu kamar yadda ake bayyana fuskar direba da yaron mota. A bi shingayen da motar ta wuce a tambayi waɗanda ke bakin aiki a ranar. A zauna da shugabannin barikoki a san adadin da ke shiga da inda yake ƙarewa. Sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida, kuma babu ɗakin da ake sauke kaya da dare wanda mai unguwa bai ji ƙarar motar ba, sai dai in ba shi da tabbacin cewa in ya faɗa za a kare shi. Batun hukuncin dillali kuwa yana hannun Majalisar Dokokin jihar. Kujeru 24 ne a majalisar, biyar daga cikinsu na wannan yanki ne, ɗaya ta Anka, biyu na Gummi, biyu na Bukkuyum. Masu riƙe da su suna zuwa gida ɗaurin aure da ta'aziyya da neman ƙuri'a. Duk ɗan uwan da ya samu zama da ɗayansu, ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya san abin da kundin jihar ya tanadar wa mai safarar giya, kuma yaushe zai kai ƙudurin gyara shi.